Agogon Hannu Mai Auna Numfashi: Iyakar Gaskiyar Lambar da Yake Nunawa

A 'yan shekarun nan agogon zamani ya zama ruwan dare a hannun matasa da ma'aikata, har da dattawan da 'ya'yansu suka saya musu domin a riƙa lura da lafiyarsu. Kusan kowane iri, daga masu tsada na Apple da Samsung da Fitbit da Garmin zuwa waɗanda ba a ma san kamfanin da ya ƙera su ba, yana nuna wata lamba da aka ce ta numfashi ce ko ta oksijin. Tambayar da nake yawan ji a bakin masu ɗaura shi ita ce ko lambar gaskiya ce, amsar kuwa ta danganta da wace lamba ake nufi, da lokacin da aka auna ta, da kuma jikin da aka auna. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar mu masu baƙar fata, kuma shi ne masu talla ba sa ambatawa.

Abubuwa uku ne mabambanta waɗannan na'urori suke iƙirarin aunawa, mutane kuma sukan cakuɗa su: sau nawa mutum yake shaƙar iska ya fitar a minti ɗaya, da yawan oksijin da jininsa yake ɗauke da shi, da kuma ko numfashinsa yana ɗaukewa a cikin barci. Babu ko ɗaya daga cikinsu da agogo yake aunawa kai tsaye, domin a wuyan hannu yake ɗaure, nesa da hanci da ƙirji. A asibiti, idan ana son sanin haƙiƙanin yawan numfashi, akan sa siririn bututu a hanci mai auna iskar da ake fitarwa, ko a ɗaura ɗamara a ƙirji da ciki. Idan oksijin ake so a sani ba tare da tantama ba, jini ake ɗiba daga jijiyar da ke bugawa a wuyan hannu a kai ɗakin gwaji. Shi agogo aikin mai bin sawu yake yi, wanda bai ga dabbar ba sai alamar da ta bari, kuma ingancin abin da zai faɗa ya rataya ne a kan irin ƙasar da aka taka.

Ƙirgen numfashi shi ne inda na'urorin suka fi abin kirki. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti idan yana hutawa. Duk lokacin da ya shaƙi iska zuciyarsa takan ɗan ƙara sauri, idan ya fitar kuma ta ɗan sassauta, bambancin da shi kansa ba ya ji amma na'ura tana iya kamawa. Koren hasken da ke walƙiya a bayan agogo yana bin kumburi da sacewar ƙananan jijiyoyin jini a kowane bugu, sai manhaja ta duba yadda tazarar da ke tsakanin bugu da bugu take miƙewa tana tsukewa, daga nan ta lissafa sau nawa aka numfasa. Haka Fitbit yake yi. Shi kuwa Apple, tun da ya shigo da wannan awo a 2021, ma'aunin motsi da ke cikin agogon yake amfani da shi, wanda yake jin ɗan girgizar da numfashi yake kaiwa hannu idan mutum ya kwanta shiru. A wani bincike da masana na Fitbit suka wallafa a 2021, sun gwada lissafinsu da na'urorin ɗakin nazarin barci, suka tarar kuskuren bai kai numfashi ɗaya a minti ba. Sakamako ne mai kyau, sai dai ma'aikatan kamfanin ne suka yi binciken, a kan ƙaramin rukunin mutane, kuma matsakaicin dare guda aka gwada, ba numfashin kowane minti ba.

Amfanin wannan matsakaici na dare shi ne ba ya yawan sauyawa. Wanda ya saba da 14 zai yi watanni yana ganin 14 ko abin da ke kusa da haka, saboda haka ranar da ya ga ta yi tsalle ya san ruwa ba ya tsami banza. Labarin da ya shahara a kan haka shi ne na Nick Watney, ɗan wasan golf na Amurka, wanda a watan Yunin 2020 ya farka ya ga abin hannunsa na kamfanin WHOOP ya nuna numfashinsa ya tashi daga wajen 14 zuwa 18 a dare ɗaya, alhali shi bai ji wani ciwon a zo a gani ba. Ya nemi a sake gwada shi, aka tarar yana ɗauke da korona. Kamfanonin sun yi ta cin kasuwa da irin wannan labari, amma a lura da abin da ya faru a zahiri: na'urar ba ta gano korona ba, ta dai ga jikin ya bar abin da ya saba. Zazzaɓin cizon sauro, ko shan giya, ko kwana a ɗaki mai tsananin zafi, ko hawa gari mai tudu, duk suna iya motsa lambar.

Da zarar mutum ya tashi yana tafiya, ko magana, ko tari, sai lissafin ya dagule, shi ya sa yawancin agogunan a barci kawai suke bayar da wannan lamba. Akwai kuma waɗanda jikinsu bai dace da dabarar ba tun asali. Wancan sauri da sassautawa na zuciya yana raguwa da shekaru, yana kuma raunana a jikin wanda ciwon suga ya daɗe yana taɓa masa jijiyoyi, sannan wanda zuciyarsa take bugawa barkatai ba bisa tsari ba babu abin da manhaja za ta kama ta yi lissafi da shi. Ke nan matashi mai lafiya, wanda ba shi da buƙatar awon sosai, shi ne yake samun lamba mafi inganci, dattijo mai ciwon zuciya da suga, wanda dominsa aka sayi agogon, shi ne yake samun mafi rauni.

Adalci ne a faɗi cewa ƙirgen da mutane suke yi da ido ma ba tsarkakakke ba ne. A 2017 wasu likitoci a jihar Texas ta Amurka sun duba bayanan dubban marasa lafiya da aka kwantar, suka ga lambobin numfashi sun taru a kan 18 da 20 fiye da yadda hankali zai ɗauka, alamar cewa sau da yawa ba a tsayawa a ƙirga, abin da aka saba ake rubutawa. Alhali a ma'aunin gaggawa da asibitocin Ingila suke amfani da shi, numfashi 25 a minti ko sama da haka yana cikin manyan alamun cewa majinyaci yana taɓarɓarewa. A nan na'urar da ba ta gajiya kuma ba ta ƙage tana da gurbi na gaske, musamman irin wadda ake liƙawa a ƙirji, wadda ta fi ta wuyan hannu kusa da abin da ake nema.

Batun oksijin ne ya fi nauyi. Na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ta samo asali ne daga aikin Takuo Aoyagi, injiniyan kamfanin Nihon Kohden na Japan, a farkon shekarun 1970. Tana haska yatsa da haske iri biyu, ja da wani wanda ido ba ya gani, ma'auni kuma yana ɗaya gefen yana karɓar abin da ya ratsa. Sinadarin himoglobin da ke cikin jini, idan yana ɗauke da oksijin, ya fi shanye hasken da ba a gani ya bar ja ya wuce, idan babu oksijin a tare da shi kuma sai akasin haka. Dabarar Aoyagi ita ce ya ware ɓangaren hasken da yake sauyawa da bugun zuciya, domin shi ne na jinin da ke fitowa daga zuciya, ya yi watsi da na ƙashi da nama da fata waɗanda ba sa bugawa. A kan takarda wannan yana nufin launin fata bai kamata ya shiga lissafi ba.

Sai dai na'urar ba ta juya haske ya zama kashi cikin 100 da ilimin lissafi zalla. Kamfani yana tara masu lafiya 'yan sa kai a ɗakin gwaji, a riƙa ba su iska mai ƙarancin oksijin har na jininsu ya sauka zuwa wajen kashi 70, ana ɗibar jininsu ana aunawa a kowane mataki, sannan a rubuta wa na'urar jadawali cewa irin wannan haske yana daidai da wannan lamba. Duk wanda aka maƙala wa na'urar daga baya, da jikin waɗancan 'yan sa kai ake auna shi. Ƙa'idar da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta shimfiɗa a 2013 ta amince da gwaji a kan mutum 10 kacal, kuma ya wadatar a samu biyu masu duhun fata a cikinsu, ko kashi 15 cikin 100 na mahalarta. Na'urar da za a kai asibitocin Kano da Maraɗi da Kumasi tana iya samun izini da shaidar yatsun mutum biyu, waɗanda ba a ma fayyace iya duhun fatarsu ba.

An san da matsalar tun da daɗewa. A 1990 likitoci biyu, Amal Jubran da Martin Tobin, sun nuna cewa a cikin marasa lafiyar da injin numfashi yake taimaka wa, lamba 92 ta isa a natsu idan majinyacin farar fata ne, amma ga baƙar fata sai ta kai 95. A 2005 da 2007 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco sun sake tabbatarwa a ɗakin gwaji cewa na'urorin suna ƙara wa mai duhun fata lamba, kuma ƙarin yana girma yayin da oksijin yake sauka. Duniya ba ta farga ba sai a watan Disambar 2020, a tsakiyar annobar korona, lokacin da Michael Sjoding da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka wallafa wata gajeriyar wasiƙa a mujallar likitanci ta New England. Sun duba lokutan da na'urar yatsa ta nuna 92 zuwa 96, wato lambar da ba ta tayar da hankali, suka tambaya sau nawa gwajin jini ya nuna cewa gaskiyar tana ƙasa da 88. Ga fararen fata kashi 3.6 cikin 100 ne, ga baƙaƙe kashi 11.7. Da suka faɗaɗa zuwa bayanan asibitoci 178, sai ya zama kashi 6.2 da kashi 17. A 2022 wani bincike daga asibitocin Johns Hopkins ya nuna abin da hakan ya haifar: an yi jinkirin gane cewa wasu baƙaƙen fata masu korona sun cancanci magani, domin an ɗaure bayar da maganin da saukar oksijin zuwa wata lamba, na'urar kuwa tana nuna ba su kai can ba.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne alkiblar kuskuren. Da na'urar rage lamba take yi, da illar ba ta wuce firgita da zuwa asibiti ba gaira ba dalili ba. Amma ƙarawa take yi, tana kwantar wa mutum da hankali a daidai lokacin da ya kamata hankalinsa ya tashi. Matsakaicin ƙarin ba shi da yawa, maki ɗaya zuwa biyu ne a yawancin binciken, sai dai hukuncin likita yana rataye ne a kan irin waɗannan makin. A lokacin korona hukumar lafiya ta Ingila ta raba wa mutane na'urar a gida da umarnin cewa wanda ya ga 93 ko 94 ya kira likita, wanda ya ga 92 ko ƙasa da haka ya nemi taimakon gaggawa. Maki biyu sun isa su mayar da mai buƙatar motar asibiti mai jiran kiran waya. Ko a jikin da na'urar ta dace da shi, FDA da kanta ta yi bayani a watan Fabrairun 2021 cewa idan na'urar da ta amince da ita ta nuna 90, gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina daga 86 zuwa 94.

An fara gyara, ko da yake a makare. Gwamnatin Birtaniya ta sa an yi bincike wanda Margaret Whitehead ta jagoranta, rahotonsa ya fito a watan Maris na 2024 yana tabbatar da matsalar. A watan Janairun 2025 FDA ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida da ke neman a gwada na'ura a kan mutum 150 ko fiye, a kuma rarraba su bisa ma'aunin launin fata mai hawa 10 wanda Ellis Monk na Jami'ar Harvard ya tsara, a haɗa da awon launin da na'ura, maimakon dogaro da abin da mutum ya faɗa da bakinsa cewa shi baƙi ne ko fari. Wannan ci gaba ne, amma na'urorin da suka riga suka cika asibitoci da kantunan magani za su ci gaba da aiki shekaru masu yawa, sannan daftarin na kayan likitanci ne, bai shafi abin da aka sayar da sunan motsa jiki ko nishaɗi ba.

Agogo kuwa galibi a wannan rukuni na biyu yake, kuma aikinsa ya fi na na'urar yatsa wuya. A yatsa haske yana ratsawa daga gefe zuwa gefe ta wurin da jijiyoyin jini suka cika. A wuyan hannu babu ratsawa, sai dai a haska a jira ɗan abin da zai dawo, daga wurin da jini bai kai na yatsa yawa ba, ga gashi, ga ƙashi, ga madauri mai sassautawa. Kamfanin Apple, da ya sa wannan awo a agogonsa na Series 6 a watan Satumbar 2020, ya rubuta ƙarara cewa ba domin amfanin likitanci ba ne, ya kuma ce sai an ajiye hannu shiru na daƙiƙa 15, kuma sanyi da zanen fata na dindindin suna iya hana shi aiki. Mai lafiya da ya farka ya ga agogonsa ya rubuta 88 da tsakar dare, sau tari kwanciya ya yi a kan hannun. Wannan kuskure ne mai sauƙi. Wanda nake tsoro shi ne mai asma ko mai ciwon huhu da yake haki, ya dubi hannunsa ya ga 96, ya ce bari a ga wayewar gari. A ra'ayina lambar agogo tana da ikon ta tura mutum asibiti, amma ba ta da ikon ta zaunar da shi a gida idan jikinsa yana faɗa masa wani abu dabam.

Akwai abubuwan da suka shafi rayuwarmu waɗanda littafin na'ura ba zai tsaya a kansu ba. Na farko shi ne lalle. Wani bincike da aka yi a Saudiyya ya nuna jan lalle bai cika dagula awon ba, amma baƙi yana tare haske har lambar ta lalace ko ta ƙi fitowa, kuma amare da masu jego a wajenmu sukan rina kan yatsu duka da baƙin. Haka jan farce mai duhu da farcen roba. Mafita ita ce a nemi yatsar da babu komai a kanta, ko ta ƙafa, ko fatar kunne idan akwai ma'aunin da ya dace da ita. A lokacin hunturu kuma yatsu sukan yi sanyi jini ya janye daga gare su, sai an murza hannu ya yi ɗumi kafin a auna.

Mafi haɗari shi ne hayaƙin janareta da na gawayin da ake shiga da shi ɗaki domin jin ɗumi. Iskar kabon monoksaid da ke cikinsa tana kama himoglobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma na'ura mai haske biyu ba ta iya bambanta jinin da ke ɗauke da wannan guba da wanda ke ɗauke da oksijin. Mutum yana iya kasancewa a bakin mutuwa na'ura tana nuna 98. Duk wanda aka fito da shi daga rufaffen ɗaki yana ciwon kai da jiri da amai, asibiti za a nufa da shi ko me yatsa ta nuna. Ƙarancin jini ma yana ruɗarwa ta wata fuskar, domin na'urar tana faɗin kashi nawa na himoglobin ɗin da ke akwai ne yake ɗauke da oksijin, ba ta faɗin ko himoglobin ɗin ya isa. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini yana iya nuna lamba mai kyau alhali tafin hannunsa ya yi fari fat. Masu sikila kuma, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, an san awon yatsa yakan saɓa da na jini a jikinsu, saboda haka ya kamata kowannensu ya san lambar da ya saba nunawa a lokacin da yake lafiya.

Game da na'urori masu araha, a 2016 ɗakin gwajin San Francisco ya auna guda shida na yatsa, biyu ne kawai suka cika ƙa'idar inganci ta duniya, sauran huɗun suna kaucewa sosai idan oksijin ya sauka. Wannan ya nuna araha ba ta hana inganci, amma mai saye ba shi da hanyar ganewa daga kwali. Agogunan da ba su da suna sun fi haka muni, domin wasu ko jan haske ba su da shi, kore ne kawai, ga shi kuma suna fitar da lambar oksijin. Gwajin yana da sauƙi: a leƙa bayan agogon yayin da yake auna oksijin a ga ko ja ya kunna, sannan a ɗaura shi a ƙafar kujera a danna. Wanda ya ba kujera 98 ya gama bayanin kansa.

Ɗaukewar numfashi a barci ita ce fage na uku, kuma a nan akwai alƙaluma da za a iya auna alkawari da su. Ciwo ne da maƙogwaro yake rufewa a cikin barci numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa a dare, yana tare da minshari mai ƙarfi da gyangyaɗi da rana, kuma yana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya ce mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 suna da shi a duniya. Likitoci suna ƙirga sau nawa numfashin ya tsaya ko ya ragu a awa: 5 zuwa 14 mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. A watan Fabrairun 2024 FDA ta ba Samsung izinin sa gargaɗin wannan ciwo a agogonsa, a watan Satumba kuma ta ba Apple. Na Apple yana tara bayanan kwana 30 daga ma'aunin motsi kafin ya yi magana, kuma a gwajin da kamfanin ya gabatar, cikin kowane mutum 100 masu matsakaici ko tsananin ciwon ya gano kimanin 66, cikin 100 marasa shi kuma bai ɗora wa fiye da ɗaya ko biyu ba. An tsara shi ne da gangan domin kada ya riƙa firgita masu lafiya, kuma farashin hakan shi ne mutum 34 cikin 100 masu ciwon ba za su ji komai daga gare shi ba. Idan ya yi gargaɗi a ɗauke shi da muhimmanci. Idan ya yi shiru alhali maiɗaki tana cewa maigida yana minshari har numfashinsa ya ɗauke ya farka a shaƙe, shaidarta ta fi ta agogo ƙarfi.

Jarirai ma an yi musu nasu. A 2018 likitocin asibitin yara na Philadelphia sun gwada na'urori biyu da ake sa wa jariri a ƙafa a kan jarirai 30 da ke kwance a asibiti. Ta Baby Vida ba ta kama saukar oksijin ko sau ɗaya ba, ta Owlet kuma tana kamawa amma ba a kowane lokaci ba. FDA ta gargaɗi kamfanin Owlet a 2021 kan sayar da ita ba da izini ba, sai a 2023 ya samu amincewa da sabon samfuri. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta ba da shawarar dogaro da irin waɗannan na'urori domin kare jariri daga mutuwar fuju'a a cikin barci.

Inda ingancin ƙirgen numfashi ya fi zama batun rai da mutuwa a ƙasashenmu shi ne nimoniyar yara, wato ciwon huhu. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa a 2018 ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya, adadi mafi yawa a duniya. A ƙananan asibitocin karkara, inda babu hoton ƙirji, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara ne da ƙirge: numfashi 60 a minti ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya, 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar. Tsakanin 49 da 51 akwai bambancin a ba yaro maganin amoksisilin ko a sallame shi da cewa mura ce. Domin haka ne kamfanin Philips ya ƙera wata na'ura mai suna ChARM da ake ɗaura wa yaro a ciki ta ƙirga da kanta, UNICEF kuma ta sa aka gwada ta a hannun ma'aikatan lafiya na karkara a Habasha da Nepal. Wahalar da masu gwajin irin waɗannan na'urori suke cin karo da ita tana da ban sha'awa, domin hatta ƙwararrun da ake auna na'urar da ƙirgensu sukan saɓa wa juna idan yaro yana motsi ko numfashinsa yana yankewa, har a rasa wanda za a ce shi ne mai gaskiya.

Duk abin da na faɗa a kan launin fata ba hujja ba ce ta ajiye na'urar yatsa. Ido ya fi ta kuskure nesa ba kusa ba, musamman ganin cewa sauyin launin leɓe da ake koyarwa a littattafai yana da wuyar gani a baƙar fata, kuma asibitin da ya samu na'ura mai inganci da ma'aunin da ya dace da ƙaramar ƙafar jariri yana gano yaran da da sun wuce ba a lura ba. Ƙa'ida ita ce a ba yaro oksijin idan lambar ta gaza 90. Abin da nake so ma'aikacin lafiya ya riƙe shi ne 91 ko 92 a yatsar ɗan Bahaushe mai haki ba takardar sallama ba ce, a sake aunawa a jira lambar ta tsaya, a kuma dubi yaron.

Uwa ko uba a gida ba su buƙatar agogo mai tsada domin wannan ƙirge, agogon wayar hannu ya isa. A jira yaro ya natsu, domin kuka da shan nono suna sauya lissafi, a ɗaga rigarsa a zuba ido a ciki ko ƙirji, a ƙirga ɗagawa da saukowa a matsayin ɗaya har minti ya cika, ba rabin minti a ninka ba, saboda numfashin jarirai yakan yi sauri ya tsaya ya sake ɗauka. Idan lambar ta kai iyakar shekarunsa a sake ƙirgawa, idan ta tabbata a kai shi asibiti a ranar. Idan kuwa ƙasan haƙarƙarinsa yana shigewa ciki duk lokacin da ya shaƙi iska, ko yana gurnani, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ana tashinsa da ƙyar, to ba a tsayawa ƙirge, sai a kama hanya.